Sharhi: Malam Madori, garin da jirgin ƙasa ya raya

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka, yau sharhin namu Malam Madori ya nufa, can ƙasar Haɗeja a jihar Jigawa.

Shi wannan gari in ka cire layin dogo daga labarinsa to kusan ba abin da ya rage. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, sai Turawa suka ga ai akwai ƙasar jigawa mai yashi can gabas wadda gyaɗa ke so kamar me, suka ja layi daga Kano ta Ringim da Gagarawa har Nguru, aka gama a 1930. Layin bai shiga cikin Haɗeja ba, ta gefe ya wuce, tashar sai ta faɗo Malam Madori, shi kenan ƙauye ya wayi gari da kantuna da sikeli da kwara da 'yan kamasho da leburori masu dakon buhu.

Amma fa kar a ɗauka don ƙaunar manomi aka yi. Haraji da kuɗi ake biya ba da damin gero ba, saboda haka dole mutum ya ware wani ɓangare na gonarsa ya shuka gyaɗa, da kaka ya ɗora wa jaki buhu biyu ya sha rana har bakin sikeli, ma'auni na wani, farashi na wani, shi dai ido ne nasa, akawu ya faɗi nauyi ya ce to. Daga 1949 ma hukumar sayen gyaɗa ce ke yanke farashin shekara, rarar kuma ta tsaya a hannun gwamnati.

Sai fari na 1973, kafin a farfaɗo cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya, jirgin ma ya yi ta ja da baya.

Garin bai mutu ba, mutanenmu akwai naci. Yanzu riɗi ne da zoɓo, tirela ta maye gurbin wagunu. To amma ni abin da ke damuna, ku duba da kyau, wallahi tsohon zane ne aka sake wa rini, riɗin nan ɗanye yake fita zuwa Kano ya wuce Legas ya hau jirgin ruwa, a can waje ake tatse mansa, manomi kuma har gobe dillali yake jira ya buga waya kasuwar Dawanau ta Kano ya ji nawa buhu ya kwana kafin ya buɗe baki ya yi masa tayi.