Sabon firamwok ya cika jaridu: yadda za a auna shi kafin a ɗauka

An gabatar da wannan lacca ga matasa masu koyon gina shafukan intanet a Maradi, aka kwafo ta daga rikodi bayan an rage gaishe-gaishe.

Jama'a, assalamu alaikum. Firamwok dai kamar abin buga bulo ne. An riga an yanka shi, kai zuba ƙasa kawai za ka yi. Shigar mai amfani da kalmar sirri, magana da rumbun bayanai, tsara adireshin shafuka, duk an yi maka. Kusan kowace shekara sai wani sabo ya fito, jaridun fasaha su yi ca a kansa, ku kuma ku fara tambaya ko a bar na hannu.

Abin ba yau ya fara ba. A Yulin 2004 wani ɗan Denmak, David Heinemeier Hansson, ya saki Ruby on Rails, wanda ya ciro daga cikin manhajar Basecamp. A 2005 ya yi bidiyon da ya gina shafi mai aiki cikin minti 15, mujallu suka ɗauka. Rails ya cika alkawari, har yau GitHub da Shopify a kansa suke. Amma ku dubi AngularJS na Google, wanda ya fito a 2010 kuma ya sha yabo iri ɗaya. A 2016 aka fito da Angular 2, an sake shi tun daga tushe, tsohon aiki ba ya hawa kansa, sannan a ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohon. Wanda ya gina a kansa sai ya sake gini. Ɗan jarida bai biya ko dala ba.

To, da me za mu auna? Mu fara da nauyi, don shi ne ya fi cizon mu a nan. Wanda ya rubuta labarin yana zaune ne da intanet mai gudu da kwamfuta mai tsada. Naka mai amfanin yana Tibiri ko Madarunfa, da ƙaramar Android, rezo na zuwa yana ɗaukewa. Ka gina shafi ɗaya da sabon firamwok ɗin, ka buɗe shi a Chrome, ka danna F12, ka shiga Network, ka rage gudun zuwa 3G, ka hana shi amfani da abin da ya adana, sannan ka sake lodawa. A ƙasa za ka ga kilobait nawa suka sauko. Lissafin ba wuya: layi mai kilobit 400 a daƙiƙa yana kawo kilobait 50 ne. JavaScript, wato manhajar da shafin ke aiko wa wayar ta karanta, mai megabait 1 zai ci daƙiƙa 20 ke nan, kafin ma wayar ta fara karanta shi, kuma karatun kansa aiki ne ga ƙaramar waya. Mai sayen atamfa ba zai jira ba, WhatsApp zai koma. Shi ya sa a ganina, shafin shago ko na makaranta ya fi dacewa da firamwok da ke haɗa shafi a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya aiko shi a shirye, irin Django ko Laravel ko Rails.

Sai rumbun bayanai. A bidiyon talla kaya biyar ake sakawa, komai na tashi kamar walƙiya. Kai ka zuba 200. Akwai wani ciwo da ake kira N+1: firamwok ya yi tambaya ɗaya ya kawo jerin kayan, sannan a kan kowane kaya ya sake komawa ya tambayo sunan mai shi. Tambaya 201 a shafi ɗaya, alhali biyu sun isa. Ba za ka gani a lambar da ka rubuta ba, sai ka buɗe rajistar tambayoyin ka ƙirga. Tsofaffin firamwok suna da magani sananne: includes a Rails, select_related a Django, with a Laravel. In ka duba littafin bayanin sabon ba ka tarar da makamancinsa ba, a dakata tukuna.

Ku dubi lambar siga kuma. Duk wadda ta fara da sifili, kamar 0.8, masu ita suna gaya muku ne cewa komai na iya canzawa gobe. Kuma ku kulle sigogin abin da kuka sauko da shi, wato package-lock.json ko composer.lock ko Gemfile.lock su shiga Git, ma'ajiyar tarihin aiki, tare da aikin. A Maris 2016 wani ya janye left-pad, ƴar manhaja mai layi 11, daga npm, rumbun da ake sauko da kayan JavaScript, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa haɗuwa a ranar. Ku ajiye kwafin kayan a kwamfutarku ma, don ranar da babu rezo ko kuran.

Wata ɗaliba ta tambaya: Malam, ina za a ɗora shafin in an gama?

Madalla, ƴar uwa, nan ne kuɗi ke fita. Masauki mai araha na haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a saba ɗaya, galibi PHP da MySQL yake bayarwa, Laravel na iya zama a can in sigar PHP ɗin ta kai wadda yake nema. Abin da ke buƙatar Node ko Ruby yawanci sai kin kama sabarki, ki girka komai da hannu, ki saka takardar tsaron shafi ta HTTPS, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, ki saita ta riƙa sabunta kanta. Ki lissafa kuɗin wata 12 da sefa ki nuna wa mai aikin kafin ki rubuta layin farko, ki kuma tambaye shi wa zai biya na shekara ta biyu.