Kwabo mai huji a Birmingham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da muryata, tun da sassafe nake waje cikin sanyi, amma wallahi ba zan iya bari sai gobe ba. Ku dubi abin da ke tafin hannuna. Kwabo mai huji! A nan Birmingham na samo shi, a kasuwar da Turawa ke ci ranar Lahadi a fili, inda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa. Wani dattijo ne da gwangwanin alewa maƙil da tsabar kuɗin ƙasashe, uku fam ɗaya. Ina cikin tonawa sai ga tauraro mai tsini shida da huji a tsakiya. Na juya shi, ga rubutun Larabci. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Irinsa kakata ta adana a cikin kwalla, an zura su a zare. Takan jera mana sunayensu: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule. Mu da muka taso bayan naira ta shigo a 1973, a bakinta muka san su. Yau ga shi ya biyo ni har Ingila.

Ina isowa gida na ce bari in ɗauki hoto in tura wa Baba a Kano. A nan raina ya ɓaci. Na kunna fitilar waya na ɗauka, abin ya fito fari fat kamar murfin kwalba, ko harafi ɗaya ba ka karantawa. Na matso da wayar dab da shi, ya dushe gaba ɗaya. Baba ya turo saƙon murya yana tambaya, wai maɓallin riga ne na turo masa? Abin ya tsaya min a rai, don na san da ya gan shi sosai da ya gane shi nan take.

To ku ga yadda na yi. Wannan tagar kicin ce. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle, na ɗora kwabon, hasken yana zuwa ta gefe guda. Nan sirrin yake. Rubutun kuɗi tudu da kwari ne, sai haske ya zo a kaikaice ya yi ɗan inuwa sannan yake tashi. A ɗaya gefen na jingina farar takarda a jikin kofi, tana maido da haske kaɗan. Wayar kuwa ban riƙe ta ba. Na jera littattafai kamar taki ɗaya, na kwantar da ita a sama, idon kyamarar ya leƙo ƙasa. Na jawo hoton ninki biyu daga nesa, na danna kan kwabon na riƙe har ya kafe, na rage hasken, na sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, don taɓawar yatsa kaɗai tana girgiza hoto. Kuma ku goge idon kyamarar da gefen riga tukuna. Na taɓa sayen ɗan gilashin nan da ake maƙala wa waya, fam takwas, yana can cikin durowa, tagar nan ta fi shi.

Damuwata ɗaya rana. A hunturun nan kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Da a tsakar gidanmu ne, inuwar zaure da hantsi ta ishe ni.

Da hotunan gaba da baya suka fito, sai ga abin da idona bai gani ba a kasuwa: 1936, da sunan Sarki Edward na takwas. Shi ne wanda ya hau a watan Janairu ya yi murabus a Disambar shekarar. Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa a hannun jama'a ba, amma a kasuwanninmu an kashe shi, an sayi ƙosai da shi. Sannan dab da hujin ga ɗan harafin H, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Alamar masana'antar Heaton ce, ta nan Birmingham. Wasu za ku ga KN, wato Kings Norton, ita ma unguwa ce a garin nan. Ashe a nan aka buga shi, ya hau jirgin ruwa ya tafi, ya dawo ya jira ni.

Ina roƙonku, wanda ke da irin wannan a gida kada ya goge shi. Na san halinmu, toka da lemon tsami, sai ya yi ƙyalli. Masu tara kuɗi a nan da sun ga an goge sai su ture shi gefe, duhun da ya yi shi ne shaidar shekarunsa. Ku riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa.

Na sake tura wa Baba. Ya kira ni da kansa, ya karanto Larabcin tsaf, ya ce in nemo masa anini. Ni kuma abin da nake nema kwabo ashirin da biyar na 1973 ne, mai dalar gyaɗa. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, tun ƙarfe bakwai ina gaban gwangwanin dattijon nan.