Yadda sabon laburare yake shiga Debian, da aikin mai tsaya masa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa rubuta "apt install", umarnin girka manhaja, a Ubuntu ko Linux Mint ya ga yadda sunaye masu farawa da "lib" suke sauka ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne laburare, wato guntayen manhaja da wasu manhajoji suke jingina da su. OpenSSL na ɓoye saƙonni, zlib na matse fayiloli. Kai ba ka buɗe su da hannunka, amma in ɗaya ya lalace, duk abin da ya jingina da shi zai bi shi. Mafi yawansu daga rumbun Debian suke fitowa, tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993.

Ba kowa ke da ikon saka kaya a wannan rumbu ba. Cikakkun mambobin Debian kusan 1,000 ne. In kai sabon shiga ne, dole ka nemi ɗaya daga cikinsu ya tsaya maka, kamar yadda baƙo a kasuwa ba ya karɓar kaya bashi sai wanda aka sani ya lamunce shi. Babu kuɗi a ciki. Abin da mai tsayawar yake bayarwa shi ne lokacinsa da sa hannunsa.

Naka ɓangaren ba shi da tsawo. Za ka buɗe rahoton da ake kira ITP, ka sanar cewa kana shirin haɗa wannan laburare, don kada mutum biyu su yi aiki ɗaya. Ka haɗa ƙunshin, wato laburaren da aka shirya yadda za a iya girka shi, ka ɗora shi a mentors, sabar da sabbin shiga ke ajiye aikinsu don a duba, sannan ka buɗe rahoton RFS, wato neman mai tsayawa. Daga nan sai haƙuri, domin masu dubawar 'yan sa kai ne, kowa da aikin da yake ci da kansa.

Yanzu mu zauna kusa da mai dubawar. Da farko zai gina ƙunshin a wuri mai tsabta da sbuild, inda babu komai sai abin da ka rubuta cewa ana buƙata. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: abu ya ginu a kwamfutarka saboda wani kaya da ka manta kana da shi, a can kuma ya tsaya cak. Sai ya sakar masa lintian, manhajar da ke zaƙulo kurakuran da suka saɓa wa ƙa'idar Debian.

Inda ya fi daɗewa shi ne fayil ɗin debian/copyright. A cikinsa ake rubuta kowane fayil, wa ya rubuta shi, a wace shekara, da wane lasisi. Marubucin laburare zai iya cewa lasisinsa MIT ne, wanda ya bar kowa ya yi amfani da shi, amma can cikin wani lungu akwai fayil guda da ya aro daga wani wuri, an rubuta a kansa cewa ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Wannan fayil ɗaya ya isa ya hana ƙunshin shiga, domin ƙa'idojin manhaja mai 'yanci da Debian ta amince da su a 1997 sun hana a ware wa mutum irin amfanin da zai yi da manhaja. A ganina wannan ne aikin da ya fi gajiyarwa, kuma shi ne na fi girmama masu yin sa, don babu na'urar da za ta karanta maka shi ka kwanta da kwanciyar hankali.

Laburare yana da nasa sharaɗi na daban. Ana raba shi gida biyu: ɗaya mai lamba a ƙarshen sunansa, wanda manhajoji ke kira yayin aiki, ɗaya kuma mai ƙarewa da "dev", na masu rubuta manhaja. Lambar nan alkawari ce, cewa duk manhajar da aka gina da wannan laburare za ta ci gaba da aiki. In marubucin ya sauya fasali har alkawarin ya karye, dole lambar ta sauya. Shi ya sa libssl1.1 na Debian 11 ya koma libssl3 a Debian 12. Mai dubawa zai tabbatar sunan ƙunshin ya dace da lambar da ke cikin laburaren.

Sai batun amana. A ranar 29 ga Maris, 2024, injiniya Andres Freund ya sanar cewa ya gano ƙofar sirri, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a laburaren matse fayiloli na xz, bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani ɓangare na mugun aikin yana cikin fayil ɗin da aka saki wa jama'a ne kawai, babu shi a ma'ajiyar Git, inda marubuta ke ajiye asalin rubutun manhajar. Ya kai reshen gwaji na Debian, bai kai tsayayyen bugu ba. Don haka mai dubawa na gari yakan kwatanta abin da aka ba shi da asalin ma'ajiyar, ya kuma karanta duk facin da ka ƙara layi bayan layi. Ku tuna, rubutun da ke girka ƙunshi da cikakken iko yake gudana a kwamfutar mutane.

In ya ga gyara, zai dawo maka da shi, wani lokaci sau uku ko huɗu. In ya gamsu, sai ya sa hannu da mabuɗinsa na sirri ya loda. Sunanka ne zai fito a matsayin mai kula da ƙunshin, sa hannun kuma nasa.

Ko a nan ba a gama ba. Sabon ƙunshi yakan tsaya a layin NEW, inda tawagar da ke gadin rumbu za ta sake bin lasisin da idonta, kuma tana iya mayar da shi. In ya wuce, ya shiga reshen unstable, inda sabbin kaya ke fara sauka, bayan kamar kwana 5 ba tare da babbar matsala ba ya koma testing, wato reshen gwaji, ya jira tsayayyen bugu na gaba, wanda ke fitowa kusan duk shekara 2. Ranar da lambar laburaren ta sauya kuwa, sunan ƙunshin ya zama sabo, sai ya sake komawa layin NEW.