Haruffan Esperanto: Inda Mai Karatun Boko Yake Tuntuɓe

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. A 'yan kwanakin nan ɗalibai suna ta tura wa juna saƙonnin murya a zaurukan WhatsApp suna gwada karanta jimlolin Esperanto, kuma kusan duk wanda ya gwada, kuskurensa iri ɗaya ne da na ɗan uwansa. Shi ya sa muka ari allon wannan makarantar firamare da ke karkarar Ringim a Jihar Jigawa, domin mu rubuta haruffan da alli, kowa ya gani da idonsa.

Esperanto harshe ne da mutum ɗaya ya zauna ya tsara. Sunansa Zamenhof, likitan ido ne, an haife shi a 1859 a garin Biyalistok, wanda a yau yake cikin ƙasar Foland, a wancan zamani kuwa yana ƙarƙashin daular Rasha. A 1887 ya buga ɗan littafin farko na harshen a birnin Warso. Yawancin kalmomin ya ɗebo su ne daga Latin da harsunan da suka fito daga tsatsonsa, irin su Faransanci da Italiyanci, sannan ya rubuta su da haruffan Latin, waɗanda mu muke kira boko.

Haruffan 28 ne, wasula 5, baƙaƙe 23. Babu q, babu w, babu x, babu y. Ƙa'idar kuwa ita ce kowane harafi yana da sauti guda, ba ya canzawa ko a farkon kalma ya zo ko a ƙarshenta, kuma babu harafin da ake rubutawa a ƙi furtawa. Wasulan nan, a, e, i, o, u, namu ne sak, sai dai jan wasali ko gajarta shi ba ya sauya ma'ana a can, haka kuma babu karin sauti irin na Hausa. Baƙaƙe irin su b, d, g, h, k, l, m, n, r, s, t da z ma ba sa buƙatar dogon bayani, yadda muka saba furta su haka ake furta su.

To, yanzu ku dubi wannan harafin da na kewaye. Tun daga aji ɗaya aka koya mana cewa c ita ce sautin farko na ciyawa da cokali da ciniki, saboda haka da zarar Bahaushe ya gan ta, bakinsa ya riga ya furta kafin ya yi tunani. A Esperanto kuwa c tana tsaye ne a matsayin ts. Wannan albasar da kuke gani a buhu sunanta cepo, kuma ana karanta shi tsepo. Zaman lafiya paco ne a rubuce, patso a baki.

Sautin da muke rubutawa da c shi ma yana nan a cikin harshen, amma an ɗora masa alama a ka, ya zama ĉ. Masu magana da Esperanto suna kiran irin waɗannan haruffa masu hula, domin alamar tana kama da ƴar hula. Doki ĉevalo ne, ɗaki ĉambro ne, kuma a nan Bahaushe zai karanta c ɗinsa ta gida, ya yi daidai. Wannan bambanci ba na ƙawa ba ne, yana raba kalma da kalma. Amalanken shanun nan da yake wucewa da kayan gona sunansa ĉaro, da hula. In aka cire hular ya zama caro, ana furta shi tsaro, kuma yana nufin sarkin Rasha na zamanin da. Haka nan celo manufa ce, ĉelo kuwa ɗakin da ake kulle fursuna.

Akwai wata ƴar dabara game da furucin ts ɗin. Tsa ta Hausa, wadda take cikin tsamiya da tsuntsu, muna matse maƙogwaro ne mu harbo ta da ƙarfi. Ta Esperanto ba ta da wannan matsi. Mutum zai ɗora harshe a wurin t, sannan ya sake shi ya zarce cikin s da numfashi ɗaya. A ganina, wanda bai iya sassautawa ba tukuna ya riƙa amfani da tsa ɗinsa ta gida, za a fahimce shi, kuma hakan ya fi ya furta c ta ciyawa ya canza kalmar gaba ɗaya.

Irin wannan musanya ta sake faruwa a kan j, kuma nan ne na fi jin kuskure a saƙonnin. A Esperanto j ita ce y ɗinmu. Kalmar jes, wato i, ana karanta ta yes. Jaro, shekara, ana cewa yaro. Ga wata kuma da take ruɗar idon Bahaushe fiye da kowacce, wato juna, domin da irin wannan rubutun muke da kalma a harshenmu, alhali a can yuna ake cewa, ma'anarta matashi ko ɗanye a shekaru. Sautin j na jaki da jirgi kuwa da ĝ ake rubuta shi, g mai hula. Kalmar ĝojo, farin ciki, ta haɗa su biyun, ana furta ta joyo. Wannan ya zama dole a iya shi, saboda da j ake yin jam'i a harshen, kusan kowace jimla za a ci karo da ita: amiko aboki ɗaya, amikoj abokai, a baki amikoy.

Mai kallo zai iya tambaya, me ya sa Zamenhof ya zaɓi haka? Ai bai ƙirƙiro shi daga iska ba. A rubutun harshen Foland, inda ya tashi, c tana nufin ts, j kuma tana nufin y, kuma Jamusanci ma haka yake amfani da j. Mu ma boko ɗinmu zaɓi aka yi mana, shi ya sa garin da ake rubutawa Bauchi a takardun gwamnati muke rubuta shi Bauci a Hausa. Ni dai ina ganin tsarinsa ya yi adalci ga mai koyo, domin da an riƙe ƙa'idar sau ɗaya ba ta sake yaudarar mutum.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne waya. Kamar yadda muke barin ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ idan muna sauri, har ƙasa ta koma kasa, haka wasu suke zubar da hulunan nan. Zamenhof da kansa ya yarda a sa h a bayan harafin idan maɗaba'a ba ta da alamar, a rubuta ch da gh. Daga baya masu kwamfuta suka fi son x, tunda ba ta cikin haruffan harshen. Idan kun ga cx ko gx a intanet, to ĉ ce da ĝ.

Sauran masu alamar ba su da wuya. Ŝ ita ce sh, kamar a ŝafo, tunkiya. Ĥ ita ce خ ta Larabci, wadda duk wanda ya yi makarantar allo ya sani, kuma ba ta cika fitowa ba. Ŭ tana yin aikin w a bayan wasali, kamar a aŭto, mota. Ĵ kuwa j ce mai laushi irin ta Faransanci, wadda za ku ji a bakin fataken Nijar da suka yi boko idan sun shigo kasuwar Maigatari. Sai a kula da p da f, waɗanda bakinmu yake haɗewa: pilo batir ne, filo ɗa ne. Haka b da v: baro shinge, varo haja.

Nauyin murya kullum yana sauka ne a kan gaɓar da take kafin ta ƙarshe. Ga jimla a kan allo, ku dakatar da bidiyon ku gwada kafin in karanta: Juna ĉevalo ne manĝas cepojn, wato ɗan doki ba ya cin albasa. Ana karanta ta haka: YUna ceVAlo ne MANjas TSEpoyn. Ku lura da kalmar ƙarshe, gaɓa biyu ce kawai, kada a cusa wasali tsakanin y da n a mayar da ita tsepoyin.