Jawabin Maraba ga Babanmu Bishop daga Zumuntar Kiristocin da Suka Kammala Jami'a

Mai girma babanmu a cikin Ubangiji, Bishop, da mamarmu uwargidansa, iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, manyan baƙi, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, a madadin wannan zumunta ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Mun san yawan hidimar da ke wuyanka, mun kuma san ba don ƙaunar da kake yi wa 'ya'yanka ba, da sai ka aiko wakili. Ba mu da abin da za mu tarbe ka da shi wanda ya kai darajarka, sai dai shimfiɗar fuska, wadda aka ce ta fi ta tabarma.

Waɗanda kake gani a gabanka, a cikinsu akwai malaman makaranta, likitoci da ma'aikatan jinya, injiniyoyi, akantoci, lauyoyi da 'yan kasuwa, akwai kuma waɗanda har yanzu suke yawo da takardunsu suna neman aiki, su ma namu ne, ba ma raba su da sauran. Abin da ya haɗa mu shi ne dukanmu mun ɗanɗana zumuntar ɗalibai a jami'a, inda in mutum ya yi sanyi a bangaskiya, kafin mako ya zagayo wani ɗan'uwa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ranar da aka ba mu takardar kammalawa muka watse, kowa ya tsinci kansa shi kaɗai a wurin aikinsa, inda babu mai tambayarsa ko ya yi addu'a, amma kullum akwai mai miƙo masa takarda yana cewa, “Sa hannu kawai, haka ake yi a nan.” A wannan gaɓar ce da yawa daga cikin waɗanda suka yi zafi a makaranta suke hucewa. Ba su bar zuwa sujada ranar Lahadi ba, sai dai sun raba rayuwarsu gida biyu, ɗaya ta Ubangiji, ɗaya ta ofis, alhali ma'aikaci yakan ba aikinsa kimanin awa 40 a mako, abin da sujada da taron addu'a ba su kama ƙafarsa ba.

Da muka koma ga Littafi Mai Tsarki, sai muka ga ba mu ne farkon masu wannan hali ba. An kwashe Daniyel da abokansa zuwa Babila, aka koya musu harshe da ilimin Kaldiyawa har shekara 3, sa'an nan aka sa su aikin sarki, ke nan su ma karatu suka gama suka shiga aikin gwamnati, a ƙasar da ba ta san Allahnsu ba. Daniyel ya yi aiki tun daga zamanin Nebukadnezzar har zuwa hawan Sairus, fiye da shekara 60. Abin da ya fi taɓa mu yana cikin sura ta 6 ta littafin Daniyel. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya ɗora shugabanni 3 a kansu, Daniyel yana cikinsu, sai hassada ta sa abokan aikinsa suka shiga binciken ayyukansa don su sami abin da za su kai ƙararsa a kai. Ba su sami cin amana ba, ba su kuma sami sakaci ba, har suka yarda cewa in ba ta wajen addininsa ba, babu ta inda za su kama shi. Mukan yi saurin tuna ramin zakoki, Baba, mu manta cewa kafin ramin akwai shekaru masu yawa na lissafi mai tsabta da aikin da aka gama a kan lokaci. A ganinmu shaidar mai bi a wurin aiki daga nan take farawa, domin ma'aikacin da ke wa'azi a lokacin aiki alhali takardun jama'a suna jibge a teburinsa, zubar wa bishara mutunci yake yi.

Haka ma Yohanna Mai Baftisma, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su ajiye aikinsu ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojojin kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su kuma gamsu da albashinsu. Amsar nan ta Luka sura 3 ta ishe mu har yau, ko da an sake wa cin hanci suna an kira shi na goro. Injiniyan da aka matsa wa ya rage siminti, da malamar da aka roƙa ta ƙara wa ɗan wani maki, da akantan da aka ce ya gyara alƙaluma, duk sun san abin da Ubangiji yake so, abin da ke ba su tsoro shi ne abin da zai biyo baya in sun ƙi. Wani ya rasa ƙarin girma, wani an jefa shi inda ba a so, wani kuma ya rasa aikin ɗungurungum, ga iyali suna jiransa a gida.

Saboda haka muke roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa baki ikilisiya ta ɗauki aikinmu a matsayin kira. Mun saba ganin ana ɗora hannu a kan mai tafiya makarantar tauhidi, kuma daidai ne, amma da wuya a kira ma'aikaciyar jinya ko ɗan sanda gaba a yi masa addu'a saboda aikinsa. A shekarar 1785, da William Wilberforce ya ba da ransa ga Almasihu, ya yi tunanin barin majalisar dokokin Birtaniya, sai fasto John Newton ya ba shi shawara ya zauna ya bauta wa Allah a can. Ya zauna, ya yi ta gwagwarmaya har Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807. Irin wannan shawara muke bukata daga iyayenmu, tare da dattawan da suka yi aiki suka gama lafiya, waɗanda za su riƙe matasan da ke fagensu su nuna musu yadda ake ƙin abin da bai dace ba cikin ladabi, da yadda ake zaman mutunci da abokan aiki waɗanda addininmu ba ɗaya ba.

Akwai magana ɗaya mai nauyi, muna neman gafara kafin mu faɗe ta. Idan ikilisiya tana tafa wa mai babban baiko ba tare da damuwa da inda kuɗin ya fito ba, matashin da ya ƙi cin haram zai ga kamar shi ne wawa. Muna so ɗan'uwan da ya rasa aikinsa saboda gaskiya ya tarar da jama'ar Allah a bayansa, da addu'a da kuma taimakon da zai riƙe gidansa kafin ya sami wani aikin. Mun soma tattauna yadda za mu yi haka a tsakaninmu, amma ƙarfinmu kaɗan ne, muna bukatar jagorancinka.

Baba, 'ya'yanka sun rubuto tambayoyi daga abin da suke fuskanta a wuraren aikinsu, muna roƙon ka ba mu ɗan lokaci bayan jawabinka ka amsa waɗanda za ka iya, sa'an nan ka sa mana albarka. Yanzu ina roƙon jama'a su miƙe tsaye yayin da babanmu zai hau mumbari. Na gode.