Mazaɓar Essex ta 1812: yadda 'yan majalisa suka zaɓi masu zaɓensu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, ina yi muku fatan alheri.

Kafin mu yi nisa, a gyara wani ruɗani. A Najeriya in an ce sanata, hankali Abuja yake tafiya, domin jihohinmu majalisa ɗaya gare su. A Amurka kuwa kowace jiha, ban da Nebraska, tana da majalisu biyu nata na kanta, ta wakilai da ta dattawa. To sanatan da zan yi magana a kansa yau na jiha ne, a Boston yake zama, ba a Washinton ba.

Jihar ita ce Massachusetts. Tsarin mulkinta na 1780 ya ba majalisar dattawa kujeru 40, kuma har gobe 40 ɗin ne. Amma ku ji ma'aunin da aka fara raba su da shi: haraji. Yankin da ya fi zuba kuɗi a baitulmali shi ke samun sanatoci da yawa. Wato dukiya ake ƙirgawa. Mazaɓun kuma galibi iyakokin gundumomi suke bi, mazaɓa ɗaya ta tura mutum uku ko biyar a dunƙule.

A 1812 jam'iyyar Democratic-Republican, ta su shugabannin ƙasa Jefferson da Madison, ita ke riƙe da gwamna da majalisun biyu. Wuƙa da nama suna hannunta, amma tana ganin alamar 'yan jam'iyyar hamayya ta Federalist za su dawo. Sai 'yan majalisarta suka sake zana mazaɓun dattawa, gwamna Elbridge Gerry ya sa hannu ranar 11 ga Fabrairu.

Gundumar Essex, a arewa maso gabashin jihar, nan ne aikin ya fito fili. Da ana zaɓenta a dunƙule, 'yan Federalist ne ke kwashe ta. Sai aka tsaga ta biyu. Aka ɗauko Chelsea, wadda ma ba a cikin gundumar take ba, aka haɗa ta da Lynn da Salem da Marblehead da Danvers, aka miƙe arewa ta Middleton da Andover, aka karya kwana a Methuen, aka bi iyakar New Hampshire ta Haverhill da Amesbury har Salisbury a bakin teku. Siririn zare ne ya zagaye gundumar ta gefe, ya bar cikinta. Wannan cikin shi ne mazaɓa ta biyu, inda aka tara garuruwan 'yan Federalist.

Ku lura da dabarar, don ita ce har yau ba ta canza ba. Ba a hana kowa jefa ƙuri'a ba, ba a sace akwati ba. Abokin hamayya ake tarawa a wuri ɗaya, ya ci da rata mai yawan da ba ta amfane shi da komai. Kai kuma ka baza naka mutanen yadda za ka riƙa tsallakewa da ƙyar a wurare da yawa. Da aka ƙirga ƙuri'un wannan shekara a duk jihar, 'yan Federalist sun sami 51,766, masu mulki 50,164. Kujeru fa? Masu mulki 29, waɗanda suka fi ƙuri'a 11.

Ranar 26 ga Maris jaridar Boston Gazette ta buga taswirar mazaɓar, an ƙara mata fukafukai da farata da haƙora, ta koma wani dodo mai kama da salamander, wata dabba mai siffar ƙadangare. Aka haɗa sunan gwamnan da sunan dabbar, aka ce gerrymander, sunan kuma ya bi shi har kabari. A ganina an ɗan yi wa mutumin nan rashin adalci. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776, ba kuma shi ya zana taswirar ba. Sai dai wanda ya sa hannu ba ya da bakin cewa ba ruwansa, balle Marblehead da aka cusa a ciki mahaifarsa ce. Kujerar gwamna ba ta da mazaɓar da za a lanƙwasa, duk jihar ce ke zaɓe, don haka Caleb Strong ya kayar da shi a wannan zaɓen. A 1813 ya zama mataimakin shugaba Madison, ya rasu a kan muƙamin a 1814. Ita ma taswirar ba ta yi ƙarko ba. Yaƙin da aka shiga da Ingila a 1812 ya karya kasuwancin garuruwan bakin teku, jama'a suka juya, 'yan Federalist suka karɓi majalisar a 1813 suka soke dokar.

Bayan nan abubuwa sun yi ta sauyawa. A 1820 Maine ta ɓalle ta zama jiha. A 1840 aka bar ma'aunin haraji aka koma yawan jama'a. A 1857 aka yanka jihar mazaɓu 40, kowace sanata ɗaya, amma masu ikon jefa ƙuri'a kaɗai ake ƙirgawa. Ku dubi wanda wannan ya bari a waje: mata, waɗanda sai 1920 suka sami ƙuri'a a duk ƙasar, da yara, da baƙin da suka cika masaƙu ba su riga sun zama 'yan ƙasa ba.

Babban hukunci ya zo a 1964, a shari'ar Reynolds da Sims daga jihar Alabama, wadda ta bar mazaɓunta yadda suke tun 1901. Kotun Ƙoli ta ce dole mazaɓun majalisun jiha, har da ta dattawa, su yi kusan daidai a yawan mutane. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya ce mutane ɗan majalisa ke wakilta, ba itatuwa ko eka-eka na fili ba. Shi ya sa bayan kowace ƙidaya, duk shekara goma, sai an sake zane. Ƙidayar 2020 ta ba Massachusetts mutum miliyan 7 da 'yan kai, kowane sanata ke nan yana da kimanin 175,000.

A zanen 2021 an haɗa birnin Lawrence da Methuen da wani yanki na Haverhill, aka sami mazaɓar da 'yan asalin Latin Amurka ke da rinjaye, Pavel Payano ya ci ta a 2022. Lawrence ɗin nan babu shi a zamanin Gerry, a 1847 aka yanke shi daga Andover da Methuen. Wannan zanen ma da gangan aka yi shi, sai dai don kada a tsinka ƙuri'ar wata al'umma.

Wani zai ce to ai kotu ta gama magana. Ba ta gama ba. Daidaita yawan mutane bai hana lanƙwasa layi ba, kwamfuta ma ta sauƙaƙa shi, gida-gida ake bi yanzu. A 2019, a shari'ar Rucho, Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga zanen da aka yi don fifita jam'iyya. Wasu jihohin, irin su Kalifoniya da Michigan, sun miƙa aikin ga hukuma mai zaman kanta. Massachusetts ba ta yi haka ba: 'yan majalisarta ne ke zana mazaɓunsu, gwamna ya sa hannu.

Shugaba yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.