Shafi ya tsaya sakan 5 kafin ya buɗe? Duba DNS ɗin gidanka

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan matsalar nan ce mai cin rai, ka buɗe shafi a Linux ya shigo nan take, ka buɗe wani sai ya tsaya cak kana ta kallon allo, can sai ya taho kamar ba a yi komai ba. Da yawa sai su hau zagin netwok alhali data na nan lafiya lau, mai nemo adireshin sunaye ne, wato DNS ɗin da ke zaune cikin kwamfutarka ko kan rauta, yake taɓa gardama.

Abu na farko, ku ƙirga tsayawar. In kullum sakan 5 ne cif, to ba jan ƙafar intanet ba ne, tambaya ce ta salwanta a hanya. Haka aka saita glibc, wato laburaren da yawancin manhajojin Linux ke bi ta kansa su nemi adireshi, zai aika tambaya ta UDP a ƙofa ta 53, in ya ji shiru ya jira sakan 5 sannan ya sake aikawa, sau 2 yake gwadawa. Shi kuwa UDP kamar aiken yaro ne, in bai dawo ba babu mai zuwa ya ce maka ga inda ya maƙale.

Ku buɗe terminal ku buga cat /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke nuna wane DNS kwamfutarka ke tambaya. In ka ga 127.0.0.53 to systemd-resolved ne, wato DNS na cikin kwamfutar kanta, kamar yadda Ubuntu ke zuwa da shi, sai ka buga resolvectl status ka ga wa shi ma yake tambaya. Daga nan ka yi ta jefa dig, wato umarnin yi wa DNS tambaya kai tsaye, ɗaya ga na cikin kwamfuta, ɗaya ga rauta, ɗaya ga 1.1.1.1 da ke DNS na waje, kuma ka riƙa canja suna, don in suna ɗaya kake ta maimaitawa daga ma'ajiyarsa zai riƙa ba ka amsa ka ɗauka komai normal ne.

To ga inda mutane ke ruɗewa, dig zai iya nuna maka lafiya ƙalau amma manhaja na ci gaba da tsayawa. Dalili kuwa dig tambaya ɗaya yake yi, ta A, shi kuma glibc biyu yake sakewa a tare, A ta IPv4 da AAAA ta IPv6, ta ƙofa ɗaya, kuma akwai rautoci da katangun tsaro da suke rikicewa su bar ɗaya ta wuce su yar da ɗayar. Don haka gwada getent ahosts da sunan shafin, shi ta glibc yake bi, a wata taga kuma ka bar tcpdump -ni any port 53 yana gudu don ka ga tambayoyi da amsoshin da ke wucewa. Kun gani ko? Tambaya biyu sun fita, amsa ɗaya ta dawo, sai shiru, sakan 5. In haka ne naka, musamman in DNS ɗin kan rauta yake, saka options single-request-reopen a resolv.conf. Amma fa ka tabbata ba systemd-resolved ko NetworkManager ke rubuta fayil ɗin ba, in ba haka ba kana sake kunna inji gyaran ya tafi.

Masu dnsmasq, wato ƙaramar manhajar DNS da ke tura tambayoyin gida zuwa waje, ku kuma ku leƙa log, tambayoyi 150 kawai yake iya turawa waje a lokaci guda in ba a canja ba, kuma in ya cika yana faɗa. Za ka iya ɗaga dns-forward-max, amma ni dai shawarata ka fara nemo wace na'ura ce a gidan ke ta ambaliyar tambayoyi, ko wace saba ce cikin waɗanda yake tura wa tambaya ta daina amsawa, ka cire ta daga jerin.